Ciwon suga: LADA ne ko nau'i na 1? Ku taimaka mana

Assalamu alaikum likitoci. Yayata shekararta 38, ba mai ƙiba ba ce. An ce ciwon suga nau'i na 2 ne, aka ɗora ta kan metformin, bayan shekara maganin ya daina kamawa, tana ta ramewa. Gwajin jini mai suna GAD ya nuna garkuwar jikinta ce ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin. Wani likita ya rubuta LADA (ciwon suga da garkuwar jiki ke haddasawa sannu a hankali ga manya), wani ya ce nau'i na 1 ne mai tafiyar hawainiya. Su ma manyan ba su daidaita ba: ƙungiyar ciwon suga ta Amurka ta sa shi cikin nau'i na 1, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) kuwa a 2019 ta lissafa shi cikin masu kama da nau'o'in biyu. Wanne za a rubuta a katinta? Kuma dole ne a auna C-peptide (gwajin da ke nuna yawan insulin da jikinta ke samarwa) kafin a fara mata allurar insulin?