Musayar Waƙa: Asabar Tun Juma'a Ake Kama Ta

Ƙanwarku a Zumunta:
Iyayena, ku ba ni amsa da waƙa, ba da zance ba:
Yaya ake koya wa yaro kiyaye Asabar, ranar hutu ta Ubangiji, ba da bulala ba?
Gida ya huta da tsarki, yara kuma ba su ƙosa ba?

Dattijon Ikilisiya:
'Yata, fara da sanin iyaka, nan ake yawan kuskurewa.
Firistoci 23:32 ta ba da awo: maraice zuwa maraice ake kiyayewa.
Rana ta faɗi ran Juma'a, Asabar ta shigo, ba jinkirtawa.
A nan Arewa wajen ƙarfe 6 zuwa 7 take faɗuwa,
Da hunturu da wuri, da damina tana ɗan daɗewa.
Rubuta lokacin da alli a ƙofa, kowane mako ana sakewa.
Ki ba babban yaro agogo, shi ne mai sanarwa.
Saura minti 30 a ajiye tsintsiya, wanka ya zo ƙarewa.
Mai cewa "bari in ƙarasa", duhu kan same shi yana gogewa.

Mama Mai Girki:
Baba, ka kafa iyaka, madafa kuwa ni zan buɗe ta.
Fitowa 16: ran shida ninki biyu na manna, abincin da ya sauko wa Isra'ilawa, aka tara ta,
Ta kwana ba tsutsa ba wari, don Asabar aka ajiye ta.
Laraba a kai niƙa, Alhamis cefane, kasuwa a sallame ta.
Juma'a da rana tukunya biyu, ta gobe daban a rufe ta.
Miyar kuka da busasshiyar kuɓewa kan kwana in an tafasa ta,
Ta ɗanyen ganye da bazara, kafin safe tsami ya kama ta.
Ɗebi na dare a wani kwano, sauran kar hannu ya taɓa ta,
Ludayin da aka lasa in ya koma ciki, shi ke lalata ta.
Tuwo a mulmule, gobe ɗumame, wuta kaɗan ake hura ta.
Randa a cika ta fal, kar a aiki yarinya rijiya a ranarta.
Kazar da ake ɓoye wa baƙo, yau yara za su ci ta.

Malamin Makarantar Asabar:
Mama, ciki ya samu, ga yadda ake bi da su.
Maimaitawar Shari'a 6:7: a zaune, a tafe, a kwance a koya musu.
Kowa da aikinsa na shiri, gwargwadon shekarunsu:
Ɗan 4 ya jera takalma, ɗan 7 ya goge su,
Ɗan 12 ya yi guga da gawayi, kar jiran wuta ya makarar da su.
Sujadar buɗe Asabar minti 15 ta ishe su:
Waƙa biyu, aya ɗaya, gajeriyar addu'a daga bakinsu.
Uba in ya ja wa'azi awa guda, barci ne zai kwashe su,
Mako mai zuwa da an ce sujada, ka ga sun ɓata fuskarsu.
Ayar haddacewa tun Lahadi, kaɗan-kaɗan ake ba su,
Ta hanyar coci da sassarfa ba ta zama a kansu.
Kuɗin baikon coci a nemi canji tun Juma'a, a danƙa a hannunsu.

Manomi Mai Shanu:
Malam, saniya ba ta san Asabar ba, ƙishi bai da hutu.
Ya za a ce wa yaro bar aiki, ga tumaki na kuka a turke ba batu?

Dattijon Ikilisiya:
Ɗana, Luka 13:15 ta riga ka, dubi wurin:
Ana kwance sa da jaki a kai su ruwa, ba laifi a lamarin.
Harawa da dusa a tanada tun Juma'a, shi ne shirin.
Yaro ya zuba, ya shayar, ya dawo, an gama da batun garken.
Yankan ciyawa da huɗa su jira Lahadi, nan ne bambancin.

Matashiya Mai Tambaya:
Baba, gafara dai, doka ta yi yawa, kar mu zama Farisiyawa.
"Kar ka yi, kar ka taɓa" tun safe, yaro zai yi ta tsanar ranar kuwa.

Mama Mai Girki:
Gaskiyarki 'yata, Markus 2:27: don mutum aka yi ta.
Ishaya 58:13 ya ce abin murna za a kira ta.
Wuyar tana bayan abincin rana, ƙarfe 2 zuwa faɗuwarta:
Manya su bi gado, yara su bi titi, a nan ake zubar da ita.
Barcin iyaye awa ɗaya ya isa, sauran a raba ta.
Ki ajiye jaka ta musamman, ran Asabar kaɗai ake kwance ta:
Hotunan labarin Nuhu da Yusufu, fensir mai launi a cikinta.
Abin da ake gani kullum ba ya ɗaukar ido, shi ya sa ake ɓoye ta.
La'asar a fita bakin rafi, kowace bishiya a faɗi sunanta,
Ko a gai da tsohuwa mara lafiya, yara su rera mata.
Duk "kar ka yi" guda ɗaya, ki kawo "zo mu yi" a madadinta.

Malamin Makarantar Asabar:
Saura ƙofofi, Nehemiya 13 ya rufe na Urushalima da yamma,
Mutanen birnin Taya masu kifi suka rasa ciniki, kasuwa ta tsaya.
Ƙofar yau waya ce: a tara su a kwando guda, har da ta Baba da Mama.
Uban da ke duba ƙwallo a ɓoye, ɗansa ya gani, koyarwa ta sha ƙasa.
Guda a bar ta a kunne saboda rashin lafiya da haihuwa.
Jarrabawa ko darasin Asabar, a kai wa makaranta takarda tun farkon zango,
Wadda aka kai ana gobe jarrabawa, da wuya a sauya rana.
Mai shago ya gaya wa masu bashi tun Alhamis, kar su buga ƙofa.
Rana ta faɗi ran Asabar, a sake taruwa a tabarma,
Kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da ya gani, a yi addu'a,
Sannan a raba wayoyi, a ɗora ruwan wanke-wanke a wuta.