Kifina na ruwan teku suna haki a saman ruwa, ɗaya ya mutu, mi zan yi?

Ɗan Mokoyo:

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da zafi. Don Allah duk wanda ya san harkar kifin ado na ruwan teku ya taimaka min, tun jiya hankalina a tashe yake. Ni nan Maradi nike, da can ina da ƙaramin akwatin gilashi na ruwan daɗi da jajayen kifi huɗu, shekara biyu ko ciwon kai ba su ba ni ba, shi ne na ce bari in gwada na teku saboda ɗiyata da ta ƙwallafa rai kan wanga kifi mai ruwan lemu da farin zane da ake ce ma kilawun. Ƙanena da ke zuwa Kano ya kawo min akwati mai cin litir 120 da matacin ruwa da fitila da farin rairayi da gishirin teku kilo 3. Da na zo haɗawa gishirin bai isa ba, sai na cika da gishirin miya na leda kamar kilo ɗaya da ɗan kai, ruwan kuma na pompo ne na zuba kai tsaye. Kwana uku da haɗawa kifin suka iso, daga Legas ta Kano ta Jibiya har Ɗan Isa, kilawun biyu da wani ɗan shuɗi ƙarami guda.

Satin farko lafiya lau, suna cin abinci kamar ba gobe, yara kuma kowa ya wuce sai ya barbaɗa musu. To yau kwana 15 ke nan da haɗawa, jiya da asuba na iske shuɗin kwance a ƙasa ya bushe baki buɗe, sauran biyun sun koma can sama kusa da inda ruwa ke zubowa suna haki, kunnuwansu na bugawa da sauri da sauri, abinci ko kallonshi ba su yi. Ruwan ya yi hazo-hazo kamar an ɗiga madara, rairayin da gilashin sun yi wata ƙura ruwan ƙasa, in na goge yau gobe ta dawo. Ba wai ban kula ba ne wallahi, kullum sai na ciro soson matacin na wanke shi tas a pompo, kuma ruwan da ke raguwa wajen litir biyu a rana ina dama wani da gishiri in cika. Ma'aunin zafi shina nuna 31 da rana, in an ɗauke kuran ya kai 32. Mi na yi ba daidai ba? Ko dai kifin ne suka zo da ciwo?

Malamin SVT:

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu, Allah ya mayar da alheri. Kifin ba da ciwo suka zo ba a ganina, ruwanka ne bai nuna ba, kuma ka yi haƙuri in faɗa maka gaskiya, abubuwan da kake yi don kulawa su ne ke ƙara musu wuya.

Kifi shina fitar da amoniya ta kunnuwanshi da kashinshi, ragowar abincin da yara ke barbaɗawa shi ma ruɓewa yake ya koma amoniya. A teku ba a jin ta saboda yawan ruwa, amma cikin litir 120 guba ce. Abin da ke cinye ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu zama jikin soso da dutse da rairayi, kashi na farko su mayar da amoniya nitirit, kashi na biyu su mayar da nitirit nitirat, wanda shi da sauƙi, canjin ruwa ke rage shi. Kafin ƙwayoyin ga su yi yawan da za su iya aikin sai an yi sati huɗu zuwa shida, wani lokaci ma fiye, shi ya sa ake barin akwati ba kifi ana jefa ɗan abinci kaɗan shina ruɓewa ana aunawa har amoniya da nitirit su koma sifiri. Kai kwana uku ka ba shi. Sannan ɗan abin da ya fara kama soson kullum kana kai shi pompo, kulorin da ke cikin ruwan pompo aikinshi ke nan kashe ƙwayoyi, wato kowace safiya kana komawa ranar farko. Daga yau kar soson nan ya sake ganin pompo, in ya toshe ka ɗebi ruwan akwatin a roba ka ɗan matsa shi ciki sau biyu ka mayar. Kuma ka sani ruwan teku ma'auninshi na pH, wato awon tsamin ruwa ko rashinshi, wajen 8.1 zuwa 8.4 yake, a nan amoniya ta fi dafi fiye da yadda take a ruwan daɗi, zafi ma shina ƙara mata dafi. Shi ya sa jajayenka na da suka jure abin da waɗanga ba za su jure ba.

Sai maganar gishiri, nan ne na fi jin tsoro. In ruwa ya tashi ya bi iska, ruwan kaɗai ke tafiya, gishirin shina nan. Dubi yadda ake yi a Bilma, ai rana ce ke shanye ruwan a bar gishiri a ramin. Ruwan teku giram 35 ne na gishiri a litir guda. Kai kana ƙara litir biyu mai gishiri kullum, giram 70 ke nan a rana, kwana 12 kawai ya ba ka giram 840, raba shi kan litir 120 ka ga ka ƙara giram 7 a kowane litir. Ruwanka yanzu ya kai 42 ko ya wuce, alhali Bahar Maliya da aka sani da yawan gishiri wajen 40 take. Kifin teku kullum jikinshi na asarar ruwa, sai ya yi ta sha yana fitar da gishirin ta kunne, to ka haɗa mishi wanga aiki da kunnuwan da amoniya ta ƙona. Cikon ruwan da ya tashi da ruwan daɗi zalla ake yin shi, mai gishiri sai ranar da ka kwashe wani ka zubar da hannunka.

Gishirin miya kuma sodiyom kulorayid ne kusan zalla, an ƙara mishi aidin da maganin hana dunƙulewa. Na teku akwai maganiziyom wajen miligiram 1300 a litir, kalsiyom wajen 420, da fotasiyom da kabonet mai riƙe pH kar ya faɗi. Tunda kashi uku cikin huɗu naka na gaske ne ba shi zai kashe su yau ba, canjin ruwa zai fitar da shi a hankali, amma kar ka ƙara ko cokali, haka kanwa ko mangul in wani ya ba ka shawara.

Abin yi yau: tsayar da abinci kwana biyu cur, ba abin da zai same su, ka gaya ma yara. Ciro duk ragowar abinci da tiyo. Kwashe litir biyar ka mayar da ruwan daɗi marar kulorin, gobe ma haka, jibi ma haka, a hankali ba lokaci guda ba. Ka aika a kawo maka gishirin teku da abin auna gishiri, wanda ake ɗiga ruwa a leƙa ta ido ya fi mai allura gaskiya, ka nemi ya nuna 1.024 zuwa 1.026, wato kusan giram 35 ɗin nan a litir, da kwalaben gwajin amoniya da nitirit, da bakteriyar kwalba ta ruwan teku in akwai. In gishirin ya iso ka dama shi a bido daban ya kwana, sannan ka canza kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙurar nan ruwan ƙasa kar ta dame ka, gansakuka ce da ake ce ma dayatom, silika take ci, wani sinadari ne da ke cikin ruwa da rairayi, kusan duk sabon akwati sai ta yi, in abincinta ya ƙare da kanta za ta tafi.

Direban Kwatano:

Sannu ɗan uwa. Ni ban san harkar ga sosai ba amma ina tafiya gabar teku da kamyo, in hanya ta yi kyau mi zai hana in ciko maka bido uku na ruwan tekun kanshi ka huta da damun gishiri? Kuma ruwan da kilim ke ɗigarwa na ji an ce ba komi cikinshi, ka tara shi ka riƙa ciko da shi, kyauta ne.

Maman Zariya:

Malam ya gama magana kan ruwa, ni zafin nan zan tsaya kanshi don shi ya ci min kifi biyar a watan Afrilun da na fara, ina kallo ba yadda zan yi. Kifin ga daga tekun Indiya da Fasifik asalinsu yake, 24 zuwa 27 suke so, 28 ma da dama-dama, amma 31 da 32 kullum ya yi yawa. Ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinshi raguwa take, ruwan gishiri kuma dama bai riƙe iska kamar ruwan daɗi, ga hazon nan da ka gani ƙwayoyi ne suka yi yawa su ma iskar suke sha, in aka ɗauke kuran mataci ya tsaya shi ke nan ruwa ya kwanta ɗif. Hakin da suke yi a sama ke nan, can ne kawai ɗan abin shaƙa ya rage.

Ga yadda nike yi. Na cire murfin gilashin na sa raga don kilawun suna tsalle, na ɗaura ƙaramar fanka mai caji a baki tana hura saman ruwa, wannan kaɗai tana sauke min digiri biyu wani lokaci uku tunda iskarmu busasshiya ce, sai dai ruwa zai ƙara tashi, ka ja layi da maka jikin gilashi ka riƙa cikawa zuwa layin safe da yamma. Fitila kashe ta da rana, ba ka da murjani ba ta da amfani yanzu sai ƙarin zafi da gansakuka. Bakin matacin ɗaga shi ya riƙa karya saman ruwa kana ganin ƙananan igiyoyi. Ina da gorunan roba huɗu cikin firigo, in rana ta take na saka ɗaya a rufe tana yawo, ta narke in canza, kar ka jefa ƙanƙarar kasuwa tsirara ciki, ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma kar ka sauke zafin da gaggawa, hawa da sauka ma wahala ce gare su. Abin da ya fi komi, ka sayi ɗan famfon iska mai batir yau yau, masu saida kayan kiwon tarwaɗa suna da shi, da an ɗauke kuran ka kunna. Ni daga baya matacin da famfon na maida su kan batirin sola, wuta kaɗan suke ci. Kuma ɗauke akwatin daga jikin bangon yamma in can yake, bangon nan har tsakar dare shina fitar da zafi, taɓa ka ji.

Ɗan Mokoyo:

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wallahi jikin bangon yamma yake, yanzu na taɓa kamar tanda. Na tsayar da abinci, na cire murfi, fanka na kai. To ruwan daɗin da zan riƙa cikawa wane iri? Na kilim ɗin da direba ya ce zai yi? Akwai rijiya ma gidan maƙwabcina.

Malamin SVT:

Direba niyyarshi mai kyau ce, Allah ya biya, amma na kilim a'a. Ruwan ya bi ta jikin ƙarfen injin da ƙurar ɗaki da hayaƙin maganin sauro, kuma bututun kilim na tagulla ne, tagulla ko kaɗan ce tana kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani in wata rana ka so sa su, kuma tana kama jikin dutse da rairayi ta ƙi fita. Ruwan bakin teku kusa da tashar jiragen ruwa shi ma akwai mai da dattin gari, ga kwanaki cikin bido a rana, ƙananan halittun cikinshi za su mutu ya iso maka da wari. Rijiya ba ka san abin da ke cikinta ba, sau da yawa ta cikin gari nitirat gare ta, kuma tunda ruwa ke tashi abin cikinshi na zama, duk abin da ka zuba taruwa zai yi.

Wanda ya dace shi ne ruwan da aka tace da osmos, wato injin tacewa mai cire gishiri da sinadaran da suka narke cikin ruwa. Tambayi masu yin ruwan leda nan cikin gari wa ke da injin osmos na gaske, su cika maka bido daga bakin injin. In ba ka samu yau ba, na pompo da maganin cire kulorin zai riƙe ka kwana biyu uku. Ruwan batir na bakin hanya kar ka kusance shi, wani da asid yake. Akwatin kuma kar ka ja shi da ruwa ciki, litir 120 da rairayi ya haura kilo 130, gilashi zai tsage. Bari sai ranar canjin ruwa, ka kwashe mafi yawa a bidoji, kifin a bokiti mai tsabta wanda sabulu bai taɓa ba, ku ɗaga ku biyu.

Ɗan Mokoyo:

Salam, na dawo da labari bayan kwana tara. Kayan gwaji sun iso ran Laraba, gishiri na nuna 1.029 duk da ruwan daɗin da na yi ta sawa, amoniya kuma kwalbar ta yi kore sosai, wato ta yi yawa. Na canza litir 30 sau biyu, na zuba bakteriyar kwalba, akwatin ya koma ɗakin tsakiya. Yau gishiri 1.026, zafi 28 da la'asar, amoniya ta kusa komawa rawaya, wato sifiri, amma nitirit ya hau, Malam na ga ka ce haka zai yi. Ƙaramin kilawun ɗin bai kai ba, ya mutu dare na biyu kafin famfon iska ya zo, ɗiyata ta yi kuka sosai. Babban ya sauko ƙasa, ya kama wani lungu bayan dutse shina ta rausaya, jiya ya ci ƙwaya uku na ƙirga. Ƙanena ya ce a kawo mishi abokin zama sati mai zuwa na ce a'a, sai kwalaben biyu sun nuna sifiri sati biyu a jere. Hajiya don Allah fankar taki da dare ma kina barin ta ne ko kashewa kike? Tawa da asuba na ga ruwan ya sauka 25.