MGB GT ɗin mahaifina tana kuka ta baya in na ɗaga ƙafa daga totur

Mai GT, Kaduna

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san tsofaffin motoci, kafin in sake miƙa ta hannun wani.

MGB GT ce ƙirar 1971, ta marigayi mahaifina. A hannun wani Bature malamin makaranta ya saye ta lokacin da zai koma gida. Ta shekara 14 a rumfa a kan bulo, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, sai bara na tayar da ita. Inji lafiya lau, giya na shiga ba gardama.

Damuwata wani kuka ne siriri, wuuuu, da ke tasowa ta bayan kujera. Ba ya farawa sai maleji ya kai mil 40. Muddin ina taka totur kusan shiru ne, amma da na ɗaga ƙafa sai ya taso, yana ƙara kauri yayin da gudu ke raguwa, ya ɓace wajen mil 30. Ranar Asabar a hanyar Zariya uwargida ta ce in tsaya ta sauka, wai motar na kiran mai ita.

Wani makanike ya ce bakasul ɗin, wato gatarin baya da ke juya tayoyi, ya mutu, in nemo wani gaba ɗaya. Wani kuma ya ce in zuba mai mai kauri, zai yi shiru. Ina zan samu bakasul ɗin MG a kasuwar Panteka? Don Allah a taimaka.

Tsohon direban 504

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Malam, kada ka sayi komai tukuna. Duk ƙarar da ta fito ta baya mutane bakasul suke ɗora wa, alhali sau da yawa ba ruwansa.

Ka samu hanya miƙaƙƙiya da sassafe. In kukan ya taso, taka kuloci ka sa ta a firi, inji ya sauka. In kukan na nan yana bin gudun mota, ka wanke inji da salansa daga zargi. Sannan ka gwada ta a giya ta uku da ta huɗu a gudu ɗaya. Kukan giyabos yakan lafa a ta huɗu, don a nan ƙarfin inji miƙewa yake kai tsaye zuwa farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin ga bakasul.

Sai ka ɗan karkaɗa sitiyari hagu da dama. In ƙarar ta ƙaru lokacin da nauyi ya koma gefe ɗaya, boris ɗin ƙafa ne, shi kuwa ƙugi yake yi, ba fito ba. Taya kuma muryarta na canjawa in ka bar sabuwar kwalta ka hau tsohuwa. Tayar da ta shekara 14 a ajiye ma ai ba abin hawa ba ce, ina fata ka canja su.

Baba Makanike, Kakuri

Ɗana, abin da direba ya faɗa daidai ne, ka yi shi. Ni tambaya ɗaya gare ni. Motar nan da ka tayar da ita bara, tun ranar take wannan kukan, ko daga baya ya zo? In daga baya ne, wa ya taɓa ƙarƙashinta, kuma me ya kwance?

Mai GT, Kaduna

Baba, barka da dare. Na yi gwajin yau da asuba. A firi kukan na nan, uku da huɗu duk ɗaya, kwana ba ta canja shi. Tayoyi sababbi ne.

Tambayarka kuwa ta sa na yi shiru. Wata takwas na hau ta ba kuka. Sati uku da suka wuce na ga mai na ɗiga a hancin bakasul, inda farfela ke haɗuwa da shi, na kai aka canja sil, robar da ke hana man fita. Ina tsaye yaron ya cire farfela, ya sa bindigar iska ya kwance babban notin, ya sa sabon sil, ya mayar da notin da bindigar. Ko minti 40 ba a yi ba. Har na yi masa kyauta don saurinsa.

Baba Makanike, Kakuri

To, ka ga inda gizo ke saƙa. Wannan notin ba na riƙe farfela ba ne kawai.

Motarka GT ce, su kuwa tun da aka fara su a 1965 bakasul ƙirar kamfanin Salisbury suke ɗauke da shi. A cikinsa akwai ƙaramin haƙori, finiyan, mai haƙora 11, yana juya babban faifai mai haƙora 43. Wato sai finiyan ya juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. A mil 50 yana juyi kusan 2,800 a minti. Shi ya sa ciwonsa ke fitowa da siririyar murya, na ƙafa kuma da ƙugi.

Finiyan ɗin nan boris biyu ke riƙe da shi, masu siffar mazurari, suna fuskantar juna. Tsakaninsu akwai wani ɗan bututun ƙarfe da aka yi shi don ya lotsa. Notin ne ke matse shi har boris ɗin su kama da ɗan tauri, ba sako-sako ba, ba a shaƙe ba. In ya lotsa ya lotsa ke nan, ba ya komowa. Mai sanin aiki kafin ya kwance sai ya sa alama da kurfi a kan notin da kan sandar, ya ƙirga zagaye, ya mayar daidai inda ya same shi. Bindiga ba ta san alama ba.

In notin bai kai inda ya kamata ba, finiyan na da wasa. Kana taka totur yana danne a mazauninsa, shi ne shirun da kake ji. Ka ɗaga ƙafa, tayoyi su koma su ne ke tura shi, ya gusa, haƙora su ci juna ta inda bai kamata ba, sai kuka. In kuma ya zarce, boris sun shaƙe, za su yi zafi su ƙone. Alamunka sun fi kama da na farko.

Ka ajiye motar. Ɗaga ta a kan ƙafafun ƙarfe, ba jak kaɗai ba. Cire farfela, kama faifan hancin bakasul, inda farfela ke ɗaure, da hannu biyu, ka girgiza sama da ƙasa, ciki da waje. Bai kamata ka ji motsi ko kaɗan ba. Juyi hagu da dama kuwa ɗan kaɗan dole ne, wannan ratar haƙora ce. Sannan ka juye man a farar roba ka kai shi rana.

Mai kauri kuma toshe baki ne kawai. A zamaninmu har garin katako na ga an zuba wa mota ranar da za a sayar da ita.

Ɗan Zariya a Birmingham

Baba ya gama magana, sai dai in ƙara kaɗan, don ina da irinta marar rufi, ta 1974. A nan Ingila aka ƙera su, a Abingdon, daga 1962 zuwa 1980, kuma kayansu na nan birjik: boris, sil, har wancan bututun duk za su shiga ambulan ɗaya. Ka sayi bututun biyu, don wanda bai saba ba yakan zarce a na farko.

Ka duba wane mai yaron ya cika da shi. Giyabos ɗin MGB baƙin mai yake sha, 20W-50 irin na inji, bakasul kuma man giya EP90, wanda bai cika lita ɗaya ba. Ana yawan cuɗa su.

Inda na ɗan saɓa da Baba: ko an gyara, kada ka sa ran shiru tsit. GT ba bango tsakanin but da inda kake zaune, kamar cikin ganga kake. In kuma haƙoran sun riga sun ci juna, tare ake canja finiyan da faifai, don tare aka wasa su a masana'anta.

Mai GT, Kaduna

Na gode ƙwarai. Baba, na shiga ƙarƙashinta bayan la'asar. Faifan hancin na motsi ciki da waje, har ina jin ƙas-ƙas a tafin hannu. Notin kuwa da na ɗora sifana ban yi wani yunƙuri ba ya juya.

Man da na juye EP90 ne, warinsa ba ya ɓuya. A rana yana ɗan ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli, amma na tace shi da tsumma ban ga gutsuren ƙarfe ba. Na lissafa, abin da na yi da ita tun canjin sil bai wuce mil 150 ba.

Ɗan Zariya, zan aiko maka da saƙo kan boris da bututun. Baba, in na ɗauko ta a kan tirela ranar Litinin, za ka buɗe murfin baya mu ga haƙoran tare?

Baba Makanike, Kakuri

Kawo ta bayan azahar, in sha Allahu. Ka taho da man nan a robarsa, kada ka zubar. Ina da shuɗin da muke shafa wa haƙora, shi zai nuna mana inda suke taɓa juna.