Gasar ƙwallon ƙafa ta matan jami'o'in Amurka: da wane ma'auni ake zaɓen ƙungiyoyi 64?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske kan gasar da hukumar NCAA ke shirya wa 'yan matan jami'o'i a rukuni na ɗaya. Ta yaya ƙungiyar da ta ci wasanni da yawa za ta rasa gurbi, a ɗauki wadda aka fi doke ta? Sannan me ya sa ake ta canza 'yan wasa, wadda ta fita ma ta sake dawowa?

Koci Ɗanladi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙofa biyu ake shiga ta cikinsu. Kowace jami'a tana cikin wani rukunin yanki, irin su ACC da SEC da Big Ten, kuma zakaran kowane rukuni yana da gurbi kai tsaye. Wannan yana cinye kusan rabin guraben 64. Ragowar kwamiti ne ke zaɓa, kuma a nan ne ake yawan kuka.

Babban abin da kwamitin ke dubawa shi ne lissafin RPI, wato ma'aunin ƙarfin kowace ƙungiya. Kashi 25 cikin ɗari sakamakon ƙungiyar ne da kanta, kashi 50 sakamakon waɗanda ta kara da su, sauran kashi 25 kuma na waɗanda abokan karawarta suka buga da su. Kin ga ke nan kashi uku cikin huɗu yana hannun wasu. Ƙungiyar da ke ƙaramin rukuni za ta iya lallasa kowa a gida, amma in duk waɗanda ta doke marasa ƙarfi ne, lissafinta ba zai tashi ba. Da ta yi tuntuɓe sau ɗaya a gasar rukuninta a watan Nuwamba, shi ke nan an rufe mata ƙofa. Ita kuwa ta ACC ko an doke ta sau biyar, manya ne suka doke ta. Shi ya sa mai horarwa mai hangen nesa yake neman karawa da manya tun Agusta da Satumba, ko da a gidansu ne.

Anti Zee:
Koci ya gama da zaɓe, bari in ɗora da yadda ake bugawa. Sili ɗaya ƙwale ce, wasa shida ke tsakanin ƙungiya da kofi. Zagayen farko a filayen jami'o'i ake yi. Na biyu da na uku kuwa a mako guda ake haɗa su a fili ɗaya, da hutun da bai taka kara ya karya ba a tsakani. Huɗun ƙarshe su ake kira College Cup, a garin da aka tsayar tun da wuri, kuma garin Cary na jihar North Carolina ya sha karɓar baƙuncinsa.

Wannan makon na wasa biyu shi ne amsar tambayarki ta biyu. Dokar canji a jami'o'i ta fi ta FIFA sassauci: wadda aka cire kafin hutun rabin lokaci sai bayan hutu za ta dawo, a kashi na biyu kuma tana da damar fita ta sake shiga sau ɗaya. Don haka mai benci mai kauri, wato mai horarwar da ke da ƙwararrun 'yan canji da yawa, yana iya matsa wa abokan hamayya lamba minti 90 cur. Mai dogaro da 'yan wasa sha ɗaya kuwa, a wasa na biyu za ki ga masu tsaron bayansa sun kasa komowa da gudu bayan bugun kusurwa, cinya ta ɗaure, tazara ta buɗe a tsakiya. Koci Anson Dorrance ya yi amfani da yawan canji ƙwarai a jami'ar North Carolina, inda ya ɗauki kofi 21. Jami'ar ta ƙara na 22 a 2024 bayan ya yi ritaya.

Malam Na Gefen Layi:
Hajiya, ki kuma lura da agogo. Ba a hannun alƙalin wasa lokaci yake ɓoye ba, yana kan allo yana sauka daga minti 45 zuwa sifili, ana tsayar da shi in an ci ƙwallo ko an ba da kati ko bugun fenareti. Da ya kai sifili an tashi, babu ƙarin mintunan ɓata lokaci. A wasan ƙarshe na 2022 North Carolina na gaba da ci 2 da nema, jami'ar UCLA ta farke ta biyu saura daƙiƙa 16, ta kuma ci 3 da 2 a ƙarin lokaci. Ƙarin lokacin kashi biyu ne na minti goma-goma, in an tashi canjaras sai fenareti, kamar yadda jami'ar Florida State ta yi da jami'ar BYU a 2021.

Koci Ɗanladi:
Haka ne, Malam. In Hajiya na son ganin benci mai kauri a aikace, ta nemi wasan ƙarshe na 2023 da Florida State ta ci Stanford 5 da 1. Onyi Echegini ta Super Falcons tana cikin tawagar Florida State ɗin, kuma ita ta karɓi kyautar Hermann ta gwarzuwar shekarar.