Ciwon suga bayan dashen ƙoda: daga ina yake fitowa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mutum bai taɓa ciwon suga ba, an yi masa dashen ƙoda, sai suga ya hau. Me ke kawo haka?

Likitan ƙoda: Wa'alaikumus salam. Galibi magungunan da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar ne. A cikinsu, tacrolimus na rage insulin (sinadarin da ke sauke suga a jini) da jiki ke fitarwa, ya fi cyclosporine yin hakan. Prednisolone kuma na hana insulin aiki sosai. Ƙiba, yawan shekaru da ciwon hanta nau'in C na ƙara haɗarin.

Ma'aikaciyar jinya: Likita, in ƙara: kada a tsaya kan gwajin safe kaɗai. Mai shan prednisolone da safe, sugansa da la'asar yake hawa. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya, shi ma yakan yaudari mutum a watanni ukun farko, saboda ƙarancin jini da ƙarin jini. Gara a sha gulukos giram 75, a auna bayan awa biyu, 11.1 mmol/L zuwa sama, suga ne.

Mai haɗa magani: Don Allah kar kowa ya rage tacrolimus da kansa, ƙodar ce za ta tafi. Metformin kuma, wato maganin suga, ba a ba da shi idan eGFR (ma'aunin ƙarfin aikin ƙoda) ya gaza 30.