Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: gado ne ko koyi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Don Allah a warware mini. Wata ta ga yarinya 'yar shekara 14 ba ta karyawa da safe, uwarta ma haka, sai ta ce "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe". Ni a sanina yabo ake yi da wannan karin maganar. Ana faɗinta a kan mugun hali kuwa?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Asalinta yabo ce, Hajiya: ɗan gwani ya tashi gwani. In aka ɗora ta a kan aibi, ta koma habaici. Amma ko ta wace fuska, maganar jini take yi, wato gado.

Anti Bilki: Malam, nan muka rabu. Ƙin karin kumallo ba a jini yake ba, a ido yake. Yarinyar da kullum take jin uwarta na ƙorafin ƙiba tana tsallake abinci, me kake so ta ɗauka? Ga shi shekarun da jiki ya fi neman abinci ke nan. Tana girma, ta fara al'ada, duk wata tana asarar jini, buƙatarta ta sinadarin ƙarfe ta ƙaru. Sai ka ji ana cewa ta cika lalaci, alhali ƙarancin jini ne. Barci ma haka. Likitoci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 tana buƙatar awa 8 zuwa 10, to uwa na latsa waya har tsakar dare, da wane baki za ta ce a kwanta?

Malam Sani: To ina kika ajiye "albasa ba ta yi halin ruwa ba"? Akwai gidan da iyaye ke kiyaye komai, 'yar ta fito daban. Ƙawaye fa?

Anti Bilki: Ban musa ba, ƙawaye na da ƙarfi a wannan shekarun. Amma ba su ke yin cefane ba, ba su ke kashe fitila ba.

Baban Khadija: Ni abin da ya tsaya mini, kowa uwa yake nunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya riƙa motsa jiki minti 60 a rana. Binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 ba sa kaiwa, maza kashi 78. A gidaje da yawa wa ke barin namiji ya fita ƙwallo, ya ce wa mace ta zauna? Mu ne. Wannan barewar uba ce, ita ta ɗaure ƙafar 'yarta.

Maman Ilham: Tirƙashi! To Malam, in faɗa wa matar ta yi kuskure ko in ƙyale ta?

Malam Sani: Hausarta daidai take. Kuskurenta ɗaya, da ta faɗa a gaban yarinyar.