Wa ya bar fayil a buɗe?

Sani Garwa: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Manhajar da muka yi wa wani mai shagon magani da harshen Python, lissafin cinikin wuni guda ya ɓace. Da na duba, ashe yaron da na ba aikin ya buɗe fayil bai rufe ba, ya kuma sa except: pass, wato umarnin da ke cewa in kuskure ya faru a ƙyale shi, kuskure ya zo ya wuce shiru. Wanda bai iya rufe fayil ba jahili ne, ko digiri nawa gare shi.

Hadiza: Yaya Sani, jahili kuma? Kalmar nan ta yi nauyi. Kai da ka ɗauke shi, ka koya masa?

Bello Marwa: Jahili shi ne wanda bai sani ba. Wannan sakaci ne.

Sani Garwa: Malam Bello, wanda ya sani bai aikata ba, meye sunansa?

Bello Marwa: Malalaci. Kuma ku mutanen Garwa, zafin rana ke sa muku saurin fushi.

Sani Garwa: Su Marwa masu ƙanƙara!

Hadiza: Ku tsaya. Abin da manhaja ta rubuta ba ya sauka kan faifai nan take, yana taruwa ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta sai an rufe fayil ko an yi flush, wato an tura abin da ya taru waje. With open, wata hanyar buɗe fayil a Python, na rufewa da kansa ko da kuskure ya faru. Amma in wuta ce ta ɗauke, shi ma ba zai cece ka ba, sai flush da fsync, umarnin da ke tilasta a rubuta shi kan faifai. An ɗauke wuta ranar?

Usmanu Njamena: Laifin Python ne. Mu a harshen Java tun 2011 muke da try-with-resources, mai rufe fayil da kansa.

Bello Marwa: Python ta samu with tun 2006, Alhaji. Wa ya kwaikwayi wani?

Usmanu Njamena: Ban je Makka ba tukuna, daina ce min Alhaji.

Musa Kusiri: Ni ma na taɓa barin fayiloli a buɗe har Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfutata, ta ƙi buɗe min wani, na cika iyakar fayiloli 1024 da ta yarda a buɗe lokaci guda. To ni ma jahili ne ke nan?

Sani Garwa: A ranar dai, eh.

Hadiza: Har yanzu ba a ba ni amsar wuta ba.

Usmanu Njamena: A matsayina na shugaban zaure na rufe maganar. Abin da aka cimma: yaron ba jahili ba ne, Python ce ta sangarta shi. Darasin Java na nan ranar Asabar, jaka biyu.

Bello Marwa: Da wa aka cimma?